Barcin faifan ajiya na waje

Barcin faifan ajiya shi ne yanayin da injin da ke juya faifan kwamfuta yake tsayawa bayan an ɗauki lokaci ba a karanta ko rubuta komai a kansa ba. Kalmar "barci" a nan aron ma'ana ce daga Turanci, amma ta zauna daidai a Hausa, domin faifan bai mutu ba, jiran kira kawai yake yi. Yanayin ya shafi faifai mai juyawa ne kaɗai, irin wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a shekarar 1956. SSD ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa.

Yadda yake aiki

Yawancin faifan yau suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Mai faɗin inci 3.5 yana cin wuta kamar wat 5 zuwa 8 idan yana juyawa, amma ƙasa da wat ɗaya idan yana barci. Lokacin tashi ne yake jan wuta mafi yawa, kuma yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya amsa.

Abin da ke tada shi

A sabar gida, wato kwamfutar da ake bari a kunne don ajiye fayiloli da rarraba su ga wayoyi da sauran na'urori, ana yawan jin faifai ya tashi cikin dare alhali ba wanda ya taɓa shi. Kusan ko da yaushe wata manhaja ce ta neme shi. A Linux, smartd yana duba lafiyar faifai duk bayan minti 30 sai dai in an canza saitinsa, kuma zaɓin "-n standby" yana hana shi damun wanda ke barci. Haka nan updatedb yakan zagaya fayiloli sau ɗaya a rana. A Windows akwai manhajar lissafa fayiloli da binciken Defender, a macOS kuma akwai Spotlight da Time Machine mai kwafar bayanai duk awa.

Akwatin USB ɗin da faifan ke ciki ma yana da nasa laifin. Wasu akwatunan ba sa isar da umarnin hdparm zuwa ga faifan, wasu kuma suna da agogon barcinsu da ba ya bin saitin kwamfuta. Saboda irin waɗannan ne aka rubuta manhajar hd-idle.

A Kano

Batun ya fi nauyi inda wuta ba ta tsayawa. Tun shekarar 2013 KEDCO ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma gidaje da shaguna da dama a cikin birni sun dogara da sola da inbata. Masu tura fina-finai a waya, sana'ar da ta gaji cinikin kaset da CD na Kasuwar Ƙofar Wambai, jarinsu a cikin irin waɗannan faifai yake. Faifan da ke tashi duk rabin awa yana shan batir, yana kuma ƙara zafi a watan Afrilu da zafin gari kan wuce digiri 40.

Sai dai gajarta lokacin barci ba dabara ba ce. Kowane tashi da kwanciya yana cin injin da hannun karatu, kuma faifan yana ƙirga su a bayanan SMART masu lamba 4 da 193. Wasu faifan WD Green sun yi suna wajen janye hannun karatu bayan daƙiƙa 8 kacal, abin da ya sa ƙirgensu ke hauhawa da sauri. Faifan da ake nema a kai a kai gara a bar shi yana juyawa. Wanda ake buɗewa sau ɗaya a mako kuwa, a cire shi ta hanyar da ta dace a zare wayarsa, kada ɗaukewar wuta ta same shi yana tsakiyar rubutu.