Me ya sa ake neman sauya bayanan da ake musaya a gasar rediyon 'yan sha'awa?

Rediyon 'yan sha'awa na mutanen da ke karɓar lasisi daga hukuma ne, su kafa ƙaramar tasha a gida, su riƙa magana da takwarorinsu na ƙasashen duniya ba don neman kuɗi ba. Kowane yana da alamar kira wadda ke nuna ƙasarsa: ta Najeriya kan fara da 5N, ta Nijar da 5U, ta Ghana kuma da 9G.

Su ma suna da gasanninsu. Ɗaya daga cikin manya ita ce CQ World Wide, wadda ake yi tsawon sa'o'i 48, ɓangaren murya a ƙarshen Oktoba, na saƙon Morse a ƙarshen Nuwamba. Wanda ya fi tuntuɓar tashoshi, ƙasashe da shiyyoyi shi ke lashewa. Amma ba a ƙirga tuntuɓa sai ɓangarorin biyu sun yi musayar wani ɗan gajeren bayani, kowa ya rubuta na ɗan'uwansa daidai. A kan wannan bayani ake ja-in-ja.

A bisa al'ada, abu na farko da ake faɗa shi ne rahoton yadda sigina ta iso, bisa tsarin RST da aka fito da shi a 1934. Lamba ta farko, daga 1 zuwa 5, tana nuna yadda ake fahimtar magana. Ta biyu, daga 1 zuwa 9, tana nuna ƙarfinta. Sai dai a gasa kusan kowa "59" yake bayarwa, ko da da ƙyar yake jin abokin maganarsa, domin a rage ɓata lokaci. Abu na biyu a CQ World Wide shi ne lambar shiyya. An raba duniya gida 40, Najeriya na cikin ta 35. Da zarar an shigar da alamar kira da ta fara da 5N, manhajar kwamfuta za ta cike 35 da kanta.

Ke nan sau da yawa babu wani sabon abu da mai saurare ya ji ban da alamar kira. Masu neman sauyi na ganin cewa bayanin da za a iya hasashensa ba ya gwada kunnen kowa, alhali ƙwarewar ɗaukar saƙo cikin hayaniya ita ce ke amfani idan bala'i ya katse wayoyi. Suna kafa hujja da gasar Sweepstakes ta ƙungiyar ARRL a Amurka, inda ake aika lambar jeri, da rukunin ɗan takara, da alamar kira, da shekarar da ya samu lasisi, da yankinsa. Wanda bai kasa kunne ba ya yi asarar maki.

Wata mafitar ita ce tsarin Maidenhead na 1980, wanda ya yanka duniya zuwa ƙananan murabba'ai, kowane da haruffa biyu da lambobi biyu. Abuja, alal misali, tana cikin JJ39. Da wannan ake iya lissafa nisan da ke tsakanin tashoshi biyu. Gasar World Wide Digi da aka fara a 2019 ta ajiye rahoton sigina, ta ɗauki murabba'i, maki kuma na ƙaruwa gwargwadon nisa. Tana amfani da FT8, tsarin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017, inda kwamfutoci ke musayar saƙo duk daƙiƙa 15.

Masu son a bar tsohon tsari ma suna da hujja. Gajeren bayani na sauƙaƙa wa sabon shiga da wanda Turancinsa ba shi da ƙarfi, kuma sauya ƙa'ida zai hana a kwatanta sakamakon bana da na shekarun baya. Ga kuma gaskiyar cewa shi ma murabba'in, kwamfuta na iya adana na bara ta cike shi bana. Lambar jeri ce kaɗai ke sauyawa a kowace tuntuɓa, shi ya sa duk wanda ke son gasa ta koma gwajin sauraro yake komawa gare ta.