Zaɓen Kayan Lalube don Saita Injin Sassaƙa Ƙarfe Mai Kwamfuta

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1952, lokacin da aka nuna injin sassaƙa ƙarfe mai bin umarnin lambobi a Cibiyar Fasaha ta Masacusets da ke Amurka, masana'antu suka sami mai aikin da ba ya gajiya, ba ya kuma mantuwa. Sai dai wannan inji, wanda a yau ake kira CNC, makaho ne. Ya san inda sassansa suke tafiya, amma bai san inda aka ɗaure ƙarfen da zai sassaƙa ba, bai kuma san tsawon haƙorin yankan da aka ɗaura masa ba. Wajibi ne a sanar da shi waɗannan abubuwa biyu kafin ya fara aiki, in ba haka ba ya yi ɓarna cikin biyayya.

Tazara Iri Biyu

Ta farko ita ce tazarar aiki, watau nisan da ke tsakanin sifirin injin da wurin da mai zane ya ɗauka a matsayin mafari a jikin ƙarfen. Akan ajiye ta a ma'ajin G54 zuwa G59. Ta biyu ita ce tazarar haƙori, watau tsawonsa da kaurinsa. Umarnin G43 shi ke kiran tsawon, G41 da G42 kuwa su ke gyara hanya bisa ga kauri. Lallai a auna tazarar nan biyu daga tushe guda, domin in suka saɓa, haƙori kan yanki iska, ko kuma ya nutse cikin teburin injin.

Kayan Neman Gefen Ƙarfe

Mafi sauƙi shi ne manemin gefe, wani ɗan sanda mai gaɓa biyu da sifirin ya haɗa. Akan ɗaura shi a mazarin injin, a juya shi kimanin sau 1,000 a minti, a matso da shi sannu a hankali har ƙasansa ya goce gefe guda. Sa'an nan sai ma'aikaci ya lissafa rabin kaurinsa. In kaurin milimita 10 ne, ya gyara da 5. Yana da araha, ba ya bukatar batir, amma ba ya auna zurfi, kuma mantuwa da wannan ɗan lissafi ta lalata ƙarafa masu yawa.

Na biyu shi ne ma'auni mai fuskar agogo, irin wanda kamfanin Haimer na Jamus ya shahara da shi. Ba a juya shi. Idan allurarsa ta tsaya a sifiri, to, tsakiyar mazari tana daidai kan gefen ƙarfen, babu sauran lissafi, kuma yana auna tsawo da faɗi da zurfi. Duk da haka, ido ne ke karantawa, hannu ne ke shigar da lamba.

Na uku shi ne malalubi mai lantarki. David McMurtry ya ƙirƙiro shi a 1972 yana aiki da Rolls-Royce, domin auna siraran bututun mai na injin jirgin Concorde, waɗanda kan lanƙwashe idan an danna su. A 1973 shi da John Deer suka kafa kamfanin Renishaw a Ingila. A cikinsa akwai ƙafafu uku da ke zaune a kan ƙwallaye shida, lantarki na ratsa su. Da zarar kan tsinken, wanda galibi na yaƙutu ne, ya taɓa ƙarfe, sai zaman ƙafafun ya motsa, saƙo ya isa ga kwamfuta, ita kuma ta rubuta tazarar da kanta. Nagarinsa kan maimaita awo da bambancin da bai wuce maikiron 1 ba, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Yana aika saƙo ta waya, ko hasken infared, ko rediyo. Haske na bukatar sarari tsakaninsa da makarɓi, don haka rediyo ya fi dacewa da manyan injuna.

Kayan Auna Haƙori

Tsohuwar dabara ita ce a sauko da haƙori a kan takarda har ta kama, a cire kaurinta, kimanin milimita 0.1. Ta fi dogara ga jin hannu. Ma'aunin taɓawa da ake kafawa a kan tebur ya fi ta tabbas, yana kuma gane haƙorin da ya karye a tsakiyar aiki. Na hasken leza ba ya taɓa haƙori sam, shi ya sa ya dace da ƙananan haƙora masu saurin karyewa, amma ɗigon ruwan sanyaya da ƙura kan ruɗe shi. Akwai kuma na'urar da ke auna haƙora a wajen inji, don kada injin ya tsaya jira.

Abin Dubawa Kafin Saye

A nan ne jami'in da ke sa hannu a takardar sayen kaya don kwalejin fasaha ko ma'aikatar gwamnati yake bukatar natsuwa. Da farko, a duba girman kuskuren da zanen aikin ya yarda da shi. Na biyu, a duba yawan sauyin aiki: wurin da ake sauya ƙarfe sau da yawa a rana shi ne malalubi mai lantarki ke mayar da kuɗinsa. Na uku, a tabbatar kwamfutar injin tana karɓar saƙon tsayawa, irin na G31, tana kuma da manhajar awo. In babu, an sayi sirdi ba doki. Na huɗu, a tanadi tsinke da batir na canji tun ranar saye.

Daɗin daɗawa, babu malalubin da ya fi daidaitawarsa gaskiya. Dole a riƙa gwada shi da zoben awo wanda aka san girmansa, musamman bayan sauya tsinke. Zafi ma yana da tasiri: ma'aunin duniya ya ginu a kan digiri 20, kuma ƙarfe mai tsawon mita guda kan ƙaru da kimanin maikiron 12 a kowane digiri. A ɗakin aikin da ya kai digiri 40 a bazara, wannan ya kusa rubu'in milimita.

Kammalawa

Ga makarantar koyon sana'a, ya kamata ɗalibi ya fara da manemin gefe da ma'auni mai agogo, har ya fahimci ma'anar lambar da yake shigarwa, kafin a ba shi na lantarki. Ga masana'anta kuwa, nau'in aiki da yawansa su ne za su yanke hukunci, ba tsadar kaya ba.