Askin Tsohon Mangwaro da Jinyar Itace Mai Ciwo

Ya 'yan'uwana manoma, a wannan mako zancenmu a kan tsofaffin itatuwan lambu ya ke, musamman mangwaro da lemo. Da yawa daga cikinmu mun gaji itatuwan da iyayenmu suka dasa, muna ta cin 'ya'yansu, amma ba mu taɓa ɗaga kai mu duba lafiyarsu ba. Sai ran da 'ya'ya suka ragu mu ce itace ya tsufa, mu kira mai gatari. Alhali sau da yawa ba tsufa ba ne, aski ya ke bukata.

Ga dalili. Mangwaro a ƙarshen rassa ya ke yin fure, inda rana ta ke samunsa. In rassa suka cunkushe, cikin itacen ya yi duhu, iska ba ta ratsawa, sai ƙwari da cuta su sami maɓoya.

Lokacin aski shi ne da zarar an gama tsinke 'ya'ya, watau wajen watan Mayu ko Yuni, don itacen ya yi sabon toho da ruwan damina. Kada a taɓa shi da hunturu sa'ad da ya ke fure, wanda ya yi haka amfanin shekara ya sare.

Fara da busassun rassa, sa'an nan masu ciwo, sa'an nan waɗanda su ke gugar juna. Kada ka rage fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyen a shekara guda. In aikin da yawa, raba shi shekara 2 ko 3.

Babban reshe kuwa da zarto a ke yanka shi, ba da adda ba, kuma yanka 3 a ke yi. Na farko daga ƙasan reshe, kamar ƙafa 1 daga jikin itace, ka shiga kashi 1 cikin 3 na kaurinsa. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku ka cire kututturen da ya rage, amma ka bar ɗan kumburin nan na gindin reshe, don daga nan sabon ɓawo ya ke rufe mikin. In ka yi yanka ɗaya daga sama, nauyin reshe zai yage ɓawo har jikin itacen. Kada ka shafa baƙin mai ko laka a wurin, yanka mai kyau shi ke warkewa da kansa.

Sai maganar kauci. Tsuntsaye ne ke shuka shi: su ci 'ya'yansa masu danƙo, su goge baki a reshe, irin ya manne ya tsiro. Saiwarsa cikin reshen ta ke shiga tana shan ruwan itacen, don haka tsinke ganyensa aikin banza ne, zai sake tohowa. Sare reshen kamar kamu 1 ƙasa da inda ya kama. Ka kuma yi wa maƙwabcinka magana, gama tsuntsu bai san iyakar gona ba.

Lemo kuma, in ka ga ƙaro yana fita daga gindinsa, ɓawo yana tsagewa, ganye yana komawa rawaya, to, ruɓar gindi ce. Ruwa da ke kwanciya a gindi da ƙasar da a ke tarawa jikinsa su ne ke jawo ta. Janye ƙasar, kankare mataccen ɓawo da wuƙa mai tsabta, ka nemi malamin gona ya nuna maka maganin shafawa. Ramin ban ruwa kuwa a kewaya shi nesa da gindi, daidai inda inuwar rassa ta ƙare, nan ne ƙananan saiwoyi masu sha su ke. Nan kuma za ka zuba ruɓaɓɓen taki.

Duk reshen da ka cire mai ciwo, kwashe shi ka ƙone, kada ka bar shi a gindi ya kira gara. Wanke zarto da ruwan bilic kafin ka koma wani itacen, don kada ka zama kai ne mai raba cutar. Kada kuma ka hau itace kai kaɗai ba mai riƙe maka tsani.

Jama'a, mangwaron da aka shuka daga ƙwallo ya kan yi shekara 5 ko fiye kafin a ɗanɗana shi, amma sare shi aikin yini guda ne. Kafin ka kira mai gatari, gwada zarto tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.