Faifan Jackson 5 na Farko da Bai Shiga Jadawali Ba

A Dogondutsi ko Tibiri, in kana son sanin waƙar da ke tashe, ba sai ka tambayi kowa ba. Tsaya tasha ka ji abin da ke fita daga wayoyin ƴan kabu-kabu, ko ka leƙa gidan biki. A Amurka kuwa lissafi ake yi. Mujallar Billboard tana fitar da jadawalin waƙoƙi 100 duk mako. A da, da cinikin faifai da yawan sakawa a rediyo ake auna su.

Kowa ya san Michael Jackson, amma ba kowa ya san da ƙyar ƙofa ta buɗe masa ba. Shi da yayyensa huɗu, Jackie da Tito da Jermaine da Marlon, wato Jackson 5, ƴaƴan wani ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne a garin Gary na jihar Indiyana. Kiɗan soul suke yi, salon baƙaƙen fatar Amurka da ya samo tushe daga waƙoƙin coci. A watan Janairun 1968 wani ƙaramin kamfanin garinsu, Steeltown, ya fitar musu da “Big Boy” a ɗan faifan garmaho, irin mai waƙa guda a kowace fuska. Michael na da shekara 9. An saya a Gary da kewaye, amma jadawalin Billboard ko ƙyallinta bai gani ba.

Sai Motown na Berry Gordy ya ɗauke su. Kamfani ne mai marubuta waƙa da makaɗa nasa na kansa, ga dillalai, ga hanyar shiga gidajen rediyo. A Oktoban 1969 aka saki “I Want You Back”. Ranar 31 ga Janairun 1970 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. A Ingila ta kai na biyu. Uku da suka biyo ta a shekarar, su ma duk sun hau na ɗaya a Amurka.

To, shekara biyu ce ta canza maƙogwaron yaron? Ya ƙara gogewa, ba musu, kuma waƙar ta biyu ta fi ta farko armashi. Amma a ganina babban bambancin shi ne wanda ya ɗauki kayan zuwa kasuwa. Gero komai kyawunsa, in yana rumbu a Matankari, mai saye a Yamai bai san da shi ba.



Samarin Arewa masu shiga situdiyo, kafin ku zuba kuɗin ɗaukar murya, ku fara shirya wanda zai kai waƙar rediyo da kunnen masu tura waƙa a waya.