YADDA AKE SABA WA KARE MATSORACI DA 'YAN'UWANSA

Da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya kama, mafarauta a ƙasar Hausa sukan fara shirin shiga daji, kowa da gorarsa da karnukansa. To, a cikin kowace tawaga da wuya a rasa kare guda wanda in ya hangi sauran karnuka sai ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafunsa, ya kwantar da kunnuwa, ya maƙale a bayan ubangidansa. Abin da akasarin mutane kan yi shi ne su doke shi, ko kuwa su jefa shi tsakiyar karnuka wai don ya saba. Duka biyun ƙara masa tsoro suke yi, alhali kuwa kare mai tsoro in aka rutsa da shi cizo yake yi, kuma sau da yawa yaran gida ne abin kan faɗa wa.

Tsoron nan yana da asali. Waɗansu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekaru suna nazarin ƙwiyaƙwiyai iri biyar a garin Bar Harbor, har da Basenji, karen farauta na ƙasar Kwango, suka buga sakamakon a 1965. Sun gano cewa tsakanin mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa ne ƙwiƙwiyo yake koyon zama da 'yan'uwansa da kuma mutane. Wanda aka raba da uwarsa da wuri, aka ɗaure shi shi kaɗai a bayan gida, yakan girma bai san yadda karnuka ke gaisawa ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani kuma babban kare ne ya taɓa yayyaga shi, ya zama kamar wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da haka babban kare ma yana gyaruwa. Wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya gwada wata dabara a kan kyanwoyin da suka firgita da wani ɗaki har suka ƙi cin abinci a cikinsa. Ya riƙa ciyar da su a wani ɗaki dabam, sa'an nan a wanda ya fi kama da na farkon, har daga bisani suka ci a inda suke tsoro. Ya bayyana wannan a 1958, kuma a kan irin wannan dabara masu horar da karnuka suke tafiya har yau.

Ga yadda ake yi. Da fari a samo kare guda ɗaya tak, babba, mai sanyin hali, wanda ba ya faɗa. A haɗu a fili, nesa da gidan kowannensu, nesa kuma da akushin abinci, gama kare yakan yi kishin wurinsa. Kowane kare da mai riƙe da shi, igiya a sake, domin jan igiya da ƙarfi yakan sanar da kare cewa akwai abin tsoro. A tsaya da nisa, kamar taku 30 ko fiye, watau inda matsoracin zai iya ganin ɗan'uwansa ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. Duk lokacin da ya dube shi bai yi haushi ba, a miƙa masa ɗan yankin nama, a yi masa magana da murya mai taushi. In ya ƙi karɓar naman, an matsa kusa da yawa ke nan, sai a ja baya.

Bayan 'yan kwanaki sai a fara tafiya jere, duka ana fuskantar waje ɗaya, da rata a tsakani, ana rage ratar kaɗan kaɗan. Kada a haɗa su fuska da fuska, domin a wajen kare zura ido neman faɗa ne. Ranar da za su sunsuni juna, a bar su na ɗan ƙanƙanen lokaci, a kira kowa ya koma wajen ubangidansa tun abin bai ɓaci ba. Minti 10 kowace rana ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Sai ya saba da wannan sa'an nan a kawo na biyu, kana na uku, kafin a kai shi cikin tawaga.

Wajibi ne mai kare ya lura da alamu. Yawan hamma, lasar leɓe, kau da kai, da tashin gashin baya, duk suna nuna cewa tsoro ya fara kama shi. Kada a doke shi don ya yi gurnani, gama gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi yakan yi cizo ba sallama. Wanda ya taɓa cizo a sa masa takunkumi lokacin horo.

Akwai kuma inda horo ba shi da amfani. Karen da a da yake shiga cikin 'yan'uwansa, sa'an nan farat ɗaya halinsa ya sāke, mai yiwuwa ciwo ne ke damunsa, sai a kai shi asibitin dabbobi. In kuwa yana dalalar da miyau yana kai cizo ga duk abin da ya gani, to, a ji tsoron ciwon haukan kare: a killace shi, a kira likita, kada kowa ya taɓa shi. Saboda haka kafin a haɗa kare da waɗansu a tabbata an yi masa allurar rigakafi, wadda akan fara tun yana wata 3. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa irin wannan allura.

Ba kowane kare ne zai zama mai son wasa da 'yan'uwansa ba, kuma ba a bukatar haka. In ya iya wuce wani kare a hanya hankalinsa kwance, ya bi sawun tawaga ba tare da faɗa ba, to, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wani mako biyu zai ɗauka, wani kuwa sai an yi watanni, amma sannu ba ta hana zuwa.