Kwangilar Ƙaramar Hukuma da Rabon Ɗan Gida a Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta manyan hanyoyinsa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shi ya mayar da yankin matattarar noman rani: shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da madatsar da manyan hanyoyin ruwan. Gagarumin gyaran da aka yi musu ƙarƙashin shirin TRIMING, da tallafin Bankin Duniya, manyan kamfanoni masu manyan injuna aka bai wa, domin aiki ne da ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kwangila.

Sai dai ruwa ba ya kai kwandon tumatir kasuwar Kwanar Gafan. Hanyar burji ce take kai shi, da kwalbatin da mota za ta haye, da rumfar da za a sauke kaya. Irin waɗannan ayyuka Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi: hanyoyin cikin gari da ƙauyuka, magudanun ruwa, kasuwanni da tashoshin mota. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka ya dace talaka ya tambaya: in kuɗin ya zo, wa za a bai wa aikin?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Birkilan da ya girma a gefen kanal ya san inda ruwa yake kwanciya da damina, ya san wace kusurwa ce ciyawar kachala take toshewa, ya san kuma hanyar da dole a gyara kafin kakar tumatir ta kama. In kwalbatinsa ya rufta, ba shi da wurin ɓuya, domin masallaci ɗaya yake sallah da waɗanda suka yi asara. Kuɗin da aka biya shi ma ba ya nisa: mai tifa zai samu, mai buga bulo zai samu, haka mai walda da leburori da mai abinci.

To me yake hana shi samun aikin? Na farko takardu: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, asusun banki da sunan kamfani. Na biyu, haɗe ƙananan ayyuka da yawa a kwangila guda, ta yadda sai mai babban jari ne zai iya ɗauka. Na uku jinkirin biya. Babban kamfani zai jure watanni yana jira, amma wanda ya ci bashin siminti sai ya durƙushe. Na huɗu shi ne mafi muni: wanda ba ya ko iya riƙe cokalin gini ya karɓi takardar kwangila ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa, kafin ta iso hannun mai aikin gaske kuɗin ya tsotse. Daga nan ake fara rage siminti da rodi.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A rarraba aiki gida-gida daidai ƙarfin ƙananan 'yan kwangila. A liƙa sanarwa a sakatariya da ƙofar hakimi, a faɗa a rediyo da Hausa. A buɗe takardun masu nema a gaban jama'a. A riƙa biya mataki-mataki da zarar injiniya ya duba. A kafa allo a wurin aikin mai ɗauke da sunan ɗan kwangila da kuɗi da ranar gamawa, sannan dagaci da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su shaida an gama kafin biyan ƙarshe. Jihar Kano ta yi dokar bayar da kwangila a 2021, kuma manufarta ke nan: gasa a fili, ba rabon bayan fage ba.

A kula, ɗan gida ba yana nufin ɗan gidan ciyaman ko yaron kansila ba. Ana nufin mai sana'ar da ya cancanta. Su ma masu sana'ar akwai nauyi a kansu: su yi rajista, su adana shaidar ayyukan da suka taɓa yi, in jari ya gaza uku ko huɗu su haɗu su nemi aiki da suna ɗaya. Wanda ya shirya takardunsa ya riƙe amana, shi ne yake da bakin tambaya ranar da aka tsallake shi.