Waɗanda Suka Yi Yaƙi Da Adda Da Shebur

A bakin babbar maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da birnin Washinton na Amurka, akwai wani gini da aka buɗe a shekarar 1974 don tunawa da magina. Su ne ƙungiyar da ake kira Seabees, watau rundunar gine-gine ta mayaƙan ruwa, wadda aka kafa a 1942. Aikinsu fasa hanya, da kafa gada, da share filin saukar jiragen sama a tsibiran tekun Fasifik, sau da yawa harsashi na shawagi bisa kansu.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan labari shi ne, mu ma muna da irin waɗannan mutane, sai dai ba a cika ambatonsu ba.

Lokacin Yaƙin Bama, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, mota ba ta ratsawa. Kafin su kai can sai da suka sare daji da adda, suka haƙe tudu da shebur, suka fitar da hanyar ƙaramar mota mai tsawon fiye da mil 70. Inda hanya ta ƙare kuwa, sai kai ya ɗauka. Akwai ƙungiyoyi na 'yan dako, yawancinsu ba bindiga a hannu, su ke ɗauke da harsasai da abinci da majinyata. Su ne kuma ke share fili don jirgi ya sauka ya kwashe waɗanda suka ji rauni. Da yawa daga cikinsu manoma ne na ƙasar Hausa, waɗanda aka ɗebo ta hannun hakimai da dagatai.

Wanda ya mutu can ba a san kabarinsa ba, an rubuta sunansa a ginshiƙan maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Rangun, wanda yanzu ake kira Yangon. An buɗe ginin a 1958, yana ɗauke da sunaye kusan 27,000, har da na mutanenmu. A gida kuwa abin da ya rage sai sunayen bariki, kamar Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna, waɗanda yaro zai wuce kullum bai san daga Bama aka samo su ba.

Ba mu ce a kafa mutum-mutumi ba, don ba al'adarmu ba ce, kabarinmu ma ba ma yi masa ado. Amma rubuta suna ba ya cin kuɗi. Tsofaffin sojan nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'ya da jikoki, su ma furfura ta kama su. Malamin makaranta a Toranke, ko magatakarda a Gaya da Ajingi, yana iya ɗaukar littafi ya bi gida gida, ya tambayi wanda ya tafi, da wanda ya komo, da wanda aka yi ta jira shiru. In an sami takardar sallama a ƙasan adaka, a kwafe lambar soja daidai, domin da suna da lamba ake neman mamaci a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel.